Mutum na Biyar a Bakin Kogi

Shekara talatin da huɗu na yi ina riƙe da ofishin rajista na babbar kotu, kuma a tsawon wannan zamani ba a taɓa dawo mini da takarda an ce kwafin da na sa wa hannu ya saɓa wa asalinsa ba. Ya kamata mai karatu ya san wannan tun daga farko, domin ya gane irin mutumin da ya hau benen koyon zane yana da shekara saba'in da ɗaya a duniya.

Ofishin namu ɗaki ne mai tsawo, da tagogi uku a gefe ɗaya, da kabad-kabad na ƙarfe jere a ɗaya gefen, da fanka guda wadda kukanta ya fi iskarta yawa. Teburina yana can ƙuryar ɗakin, bayana ga bango, inda kowane magatakarda ya zauna kafin ni. A saman kaina akwai wani hoto cikin firam da gilashi, wanda magatakarda na farko ya rataye, kuma babu wanda ya biyo bayansa da ya ga dalilin sauke shi. Bugu ne na wani tsohon zane: kogi mai faɗi, babbar bishiya a gaɓa, duwatsu can nesa, da 'yan mutane a bakin ruwa. A ɗaya ƙarshen ɗakin, yana fuskantata, mai buga keken rubutu ke zama. Kowa Tafireta yake ce masa, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa. A gaban jama'a yakan ce mini Yallaɓai. In muka kaɗaice kuwa sai ya ce Hatimi, wai don ba ya jin maganata sai ƙarar buga hatimina.

Mun bar aiki shekara ɗaya tsakani. Kowace Laraba da hantsi nakan je gidansa mu sha shayi a baranda, mu yi shari'ar alƙalan da suka riga mu gidan gaskiya. Wata Laraba na lura ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, sai ya kama iska.

"Likita ya yanke hukunci," in ji shi. "Idon hagu ya tafi, babu ɗaukaka ƙara. Na dama kuma yana rufewa daga gefe-gefe, kamar ana jan labule. Ya ce watanni ne."

Na yi masa jaje yadda ya dace, na kawo masa misalin mutum biyu da muka sani da suka rayu lafiya bayan irin wannan lalura. Ya bar ni na gama.

"Ka san abin da nake marmari, Hatimi? Hoton nan na saman kanka. In idona ya gaji da layuka, can nake kai shi ya sha ruwa. Da zan sake ganinsa sau ɗaya kafin a kashe fitila, da na gode."

Hoton kuwa ya ɓata tun lokacin da aka kwashe ofishin zuwa sabon gini. Na bi sawunsa wajen mai kula da kaya, na bi wajen tsohon masinja, kowa ya ce bai san inda aka yi da shi ba. A mako na uku na same shi a ɗakin karatu na gari, cikin wani ƙaton littafi na ayyukan masu zanen dā, bai fi tafin hannu girma ba. Babbar 'yata ta ce abu ne mai sauƙi, a ɗauke shi da waya a kai wa masu inji su buga shi babba. Da na kai wa Tafireta wannan shawara sai ya ɗaure fuska.

"Injin kwafi ne ya raba ni da kekena," ya ce. "Yanzu kuma shi za ka kawo mini har gida in yi masa godiya? In ba hannu ne ya yi ba, bar shi."

Na ga gaskiyarsa. A ƙa'idarmu ta dā, abin da za a tabbatar sai ya bi ta hannun mutum da idonsa. Littafin ya ce da fentin mai aka yi asalin, saboda haka da fentin mai za a yi kwafin. Na yi masa alkawari a nan take, gaban uwargidansa, wadda ta dube ni ta ce, "Yaya, kai da ko da'ira ba ka taɓa zanawa ba?" Na ce mata gemu ba ya hana ilimi.

Ajin koyon zanen da na samu yana saman shagon wani mai haɗa firam. Ɗaki ne mai babbar taga, ƙasansa duk ɗigon launi, warin mai da na ruwan tsinka fenti ya kama labule da kujeru. Malamar ba ta kai 'yata shekaru ba. Tana sanye da wata tsohuwar riga ta aiki da ba a gane launinta na asali. Na gabatar da kaina da muƙamina, na buɗe littafin, na bayyana mata buƙatata da wa'adina.

"Baba, ka taɓa riƙe buroshi?"

"Na riƙe alƙalami shekara hamsin."

"To, sai mun fara raba ka da shi," ta ce.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne da ta gaya mini cewa kwaikwayon aikin magabata ita ce hanyar da aka san ana koyon wannan sana'a tun fil azal, kuma shi kansa mai wannan zanen haka ya koya a gaban wani. Na ce madalla, ashe gidan masu tsari na shigo.

Ta ba ni ƙyalle ɗaure a jikin katako, ta ɗora shi a kan madogari mai ƙafa uku, ta tafi duba wani ɗalibi. Kafin ta dawo na ɗauki mafi siririn buroshi, na fara daga kusurwar sama ta hagu, ganye bayan ganye, ina nufin in bi layi-layi har in kai kusurwar ƙasa ta dama. Da ta dawo ta tsaya a bayana, ta rufe baki da hannu.

"Baba, wasiƙa kake rubutawa?"

"Ina bin tsari ne."

"Wannan tsarin ofishinku ne. Namu daban." Ta ɗauki tsumma ta goge aikin sa'a guda a gabana, abin da alƙalai ma ba su taɓa yi mini ba. Sannan ta miƙo mini buroshi mai faɗin na masu fentin gida, ta ce in shafe ƙyallen duka da tsinkakken fenti mai launin ruwan ƙasa. "Daga nesa ake farawa a matso kusa. Sama tukuna, sannan duwatsu, sannan ruwa, sannan bishiya. Mutane su ne ƙarshen zuwa."

"A kotu ma haka ne," na ce. "Sai an shirya zaure ake kiran masu shari'a."

"Ka ga, har ka gane."

Ta koya mini cewa shimfiɗar fenti ta ƙasa tsinkakkiya ake yi, kowace ta sama kuma a ƙara mata mai kaɗan, in an juya tsarin fentin zai tsattsage bayan shekaru. Ta koya mini in haɗa launi a kan allo kafin in kai shi ƙyalle, in kuma daina tsoron baƙi da fari su taɓa juna. Na gano cewa inuwa ba baƙa ba ce, kuma ruwan kogi ba shi da launin kansa, aro yake yi wajen sama da gaɓa. Sau uku na ɓata sararin sama, sau uku tana sa ni in kankare da wuƙa in sake. Na karɓi duk wannan. Abin da ya fi ƙarfina shi ne jira. Fentin mai ba ya bushewa don ganin girman mutum. A yi shafe ɗaya, a jira kwana huɗu, wani lokaci mako.

"Malama, babu wata dabara ta gaggauta shi?"

"Akwai, Baba. Sai dai ba za ka so abin da za ta haifar ba. Ku da kuka saba ɗage shari'a wata shida, kwana huɗu ne ya dame ka?"

Ba ta san cewa kowace Laraba ina auna abin da ya rage ba. A wata na biyu Tafireta ya daina karanta agogon bango. A na uku na shigo baranda na tsaya a gefensa, bai san na zo ba sai da na yi gyaran murya. Yakan tambaye ni, "Ina aka kwana?" In ce masa an gama duwatsu, ko an shiga ruwa. Sai ya ce, "Ka yi a hankali kada ka nutse, ba ka iya iyo ba."

A wata na huɗu na kai ga mutane. Su huɗu ne: mai fito a cikin kwalekwalensa tsakiyar ruwa, makiyayi da tumakinsa, da mata biyu masu wanki a kan dutse. Na ƙirga su a littafi, na ƙirga tumakin, na auna tsawon kowa da ma'auni. Malama ta nuna mini cewa fuskar mai fito ɗigo uku ce kawai, in aka ƙara na huɗu sai ta mutu. Na yi ta gwadawa a gefen allo har ranar da na yi ɗigo uku na ja baya, na ga mutum yana dubana daga cikin jirgi. Ban ɓoye ba, na ji abin da ban ji ba tun ranar da aka fara damƙa mini hatimi.

Ranar da na ajiye buroshi, Malama ta ɗora littafin kusa da ƙyallen ta daɗe tana dubawa. "Ban taɓa samun ɗalibin da ya bi asali haka ba," ta ce. "Ko tunkiya ɗaya ba ta ɓata ba."

'Yata ta kai ni da mota, zanen a kwance a kujerar baya. Na jingina shi a kan kujera a baranda inda haske ya fi kyau, na yaye mayafin da na rufe shi da shi. Tafireta ya matso. Ganinsa a lokacin ya koma kamar na mai leƙe ta kafar makulli, sai ya riƙa yawo da kansa a hankali, daga sama zuwa ƙasa, daga wannan gefe zuwa wancan. Uwargidansa tana ta salati tana cewa kamar a taɓa ruwan a jiƙe. Shi kuwa ya ci gaba da bin zanen har ya kai ƙarshensa.

"Hatimi, ka yi aiki," ya ce daga bisani. "Wallahi ka yi aiki. Amma wannan ba namu ba ne."

Na ɗauka wasa yake yi. Na buɗe littafin na ce ya gwada.

"Me zan gwada? Wannan sama shuɗiya ce kamar an wanke ta da sabulu. Tamu ruwan shayi ce. Kuma ina Mai Ƙara?"

"Wane mai ƙara?"

"Mutum na biyar. Wanda ke tsaye ƙarƙashin bishiya."

"Mutum huɗu ne. Na ƙirga su ya fi sau ɗari."

"A littafinka huɗu ne. A bangonmu biyar ne." Ya laluba kujera ya zauna. "Ka tuna shekarar da rufi ya yi yoyo, muka kwashe fayil-fayil muka tara a kan teburinka? Ruwa ya shiga bayan gilashin, ya gangaro, ya tsaya a gindin bishiyar. Da ya bushe sai ya bar mutum. Ɗan dattijo ne mai ranƙwafawa, da wani abu a hammata kamar takardu. Yana jiran mai fito ya zo ya ɗauke shi, mai fito kuwa ko juyowa bai yi ba. Na ce wannan namu ne, an ɗage masa shari'a. Kullum da safe sai na gaishe shi kafin in cire wa keke murfi. Shekara ashirin da shida."

"Tabon ruwa kake nufi."

"Kai ka ce tabo. Kai da ka ba shi baya tun ranar da aka ɗora ka a kujerar nan, me ka sani? Ni nake kallonsa. Kai ƙeyarka ce ta san shi."

Uwargidansa ta yi dariya, sannan ta ga fuskata ta haɗiye sauran. Na ce masa, cikin muryar da nake yi wa lauyoyi magana, ban taɓa ƙara ko wasali a kan abin da ke cikin asali ba, kuma ba zan fara da tsufana ba don in saka ɓarnar rufi a cikin aikin wani babban gwani. Ya ce to in kai wa gwanin, shi ya san shi. Na rufe zanen, na kira 'yata, muka tafi ban sha shayin ba. Larabar da ta biyo baya ban je ba, karo na farko cikin shekara tara.

Kwana goma zanen yana jingine a ɗakina, fuskarsa ga bango. Ina ta kawo wa kaina hujjoji, kuma duk sun tsaya da ƙafafunsu. A rana ta goma sha ɗaya, ina gyara tsofaffin takarduna, sai na tuna wata shari'ar gado a shekarata ta farko. An ba ni wasiyya in kwafa. Marigayin ya rubuta sunan wata gona ba daidai ba, ya kuma ɗiga tawada a kan wata kalma. Ni kuwa, da zafin ƙuruciya, na gyara sunan na tsallake ɗigon. Magatakardan wancan zamani, mutum mai tsanani wanda na gaji kujerarsa daga baya, ya yaga kwafin a gaban kowa. Ya ce, "Yaro, ba a aiko ka ka kwafi abin da ya kamata a rubuta ba. Takardar da ke gabanka za ka kwafa, da kuskurenta da ɗigonta."

Na zauna a bakin gado. Tafireta bai roƙe ni aikin gwani ba. Hoton saman kaina ya roƙa, wanda hayaƙin sigarin lauyoyi da rana da yoyon rufi suka yi wa aiki shekara da shekaru. Wata biyar na yi ina kwafar takardar da ba ita aka shigar a gabana ba.

Washegari na hau bene da zanen na gaya wa Malama duka, ban rage wa kaina laifi ba. Ta saurara, sannan ta taɓa kusurwar zanen da bayan yatsa.

"Ruwan shayin mai sauƙi ne," ta ce. "Siririn shafe ne na ruwan ƙasa da rawaya a cikin mai, a bi saman duka. Amma sai na ƙasa ya bushe sosai. In ka yi yanzu, shuɗin zai taso ya haɗu da shi, sama ta koma taɓo. Ka ba shi mako uku."

"Ba ni da mako uku."

"Mako biyu, in ka ajiye shi inda iska ke ratsawa. Ƙasa da haka, Baba, wata biyar ɗinka za ka zubar, kuma ba za ka sami wasu biyar ɗin ba."

Na san ta fi ni gaskiya. Na kuma san cewa ban taɓa duban tabon nan da idon basira ba, don haka ba zan iya zana shi daga kaina ba. Abin da babu shi a rubuce, sai a nemi shaida. A ranar na tafi gidan Tafireta, ko da yake ba Laraba ba ce. Na tsaya a gabansa na ce, "Na zo in janye maganata."

"Uwargida," ya ɗaga murya, "kawo shayi, ki kuma duba ko rana ta fito daga yamma."

Mako biyun nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Kullum sai na je, kullum sai na tarar kafar makullin ta ƙara tsukewa. Da suka cika, Malama ta rufe ajinta na safe ta biyo ni da kayan aiki, ta ce ba za ta bari a yi wannan a bayan idonta ba. Muka kafa madogari a baranda. Na haɗa shafen, na ja buroshi mai laushi a kan sama tun daga gefe. Shuɗin bai motsa ba. Na ji Malama ta sauke numfashi.

Tafireta ya sa a ƙirga masa taku goma sha ɗaya daga zanen, nisan teburinsa da bango, ya zauna. Sannan ya ce, "Daga nan hazo kawai nake gani. Ku matso da ni." Muka matso da shi har hancinsa ya kusa taɓa fentin.

"Ƙara duhu. Shayin ofis nake nufi, ba na gidan amarya ba."

Na ƙara.

"Ta wajen taga ya fi koɗewa. Dama, Hatimi, dama. Shekara nawa kana zaune a ɗakin nan ba ka san inda taga take ba?"

Na goge gefen dama da tsumma kaɗan-kaɗan har ya ce ya isa. Tumakin suka koma launin tsohuwar takarda. Kogin ya yi duhu, ya yi zurfi. Ni kaina, da na ja baya, sai na ji kamar fankar nan tana kuka a saman kaina.

Saura Mai Ƙara. Tafireta ya nuna wurin da yatsa, ƙarƙashin reshe na biyu, ya kwatanta tsawonsa da gaɓar ɗan yatsansa. Na zana ɗan dattijo mai ranƙwafawa, da takardu a hammata, yadda aka koya mini. Ya leƙa ya girgiza kai.

"Wannan lauya ne. Ya cika tsabta."

Na goge na sake. Ya ce wannan kuma ya yi kama da mai gadi. Na uku ya ce ko kusa. Gumi ya jiƙa mini wuyan riga, kuma Malama ta yi gargaɗi cewa wurin ba zai jure wata gugar ba.

"Baba," ta ce, "wa ya zana na farkon?"

"Ruwa."

"To, me ya sa kake so ka fi ruwa iyawa? Ajiye buroshin."

Ta tsinka ruwan ƙasa har ya zama kamar ruwa, ta cika bakin buroshi da shi, ta ba ni. Ta ce in taɓa reshen kawai in cire hannuna. Na ce mata abin da zai fito ba shi da tabbas, kuma ni ban saba sa hannu a kan abin da ba ni da iko da shi ba. Ta ce ta sani. Na taɓa. Ɗigon ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya gangaro a hankali, ya karkace, ya kumbura a tsakiya, ya tsaya a gindin bishiyar. Malama ta yi maza ta kwantar da zanen a kan teburin cin abinci da ke bakin ƙofa don kada ya ci gaba da zuba.

Tafireta ya dafa teburin da hannu biyu ya sunkuya. Ya nemi wurin da kansa, ya wuce shi, ya dawo. Babu mai motsi a cikinmu.

"Ya rame," ya ce.

Na sunkuya kusa da shi na duba.

"Ya rame ƙwarai, kuma takardun sun ƙaru. Amma shi ne." Ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya. "Barka da hantsi, ranka ya daɗe. Kwana da yawa. Har yanzu ba a kira ka ba?"

Uwargidansa ta juya ta shiga ciki da sauri, ta ce ta bar wani abu a wuta.

Da muka natsu, na ce bisa ƙa'ida za a mai da zanen ajin Malama ya kwanta kwana goma inda babu ƙura, sannan a sa masa firam a kawo. Malama ta tabbatar cewa haka ake yi. Tafireta ya ɗora tafin hannunsa a gefen teburin.

"Babu inda za shi."

"Ƙura za ta manne masa," na ce. "Har abada ba za ta fita ba."

"Ta manne. Kai kana da kwana goma, Hatimi. Ni ban sani ba."

Na dubi Malama ina neman goyon baya, sai na ga tana tattara buroshinta. "A bar taga a buɗe kawai," ta ce wa uwargidan da ta dawo, "kuma kada kowa ya ɗora kofi a kai."

Haka zanen ya zauna a kwance a kan teburin cin abincinsu. Mutanen gidan suka koma cin abinci da faranti a cinya, uwargida tana mita tana cewa ta auri mutum ɗaya an kawo mata mutum biyar. Ƙura ta manne masa kamar yadda na faɗa, har da gashin buroshi guda da wani ƙaramin ƙwaro da ya faɗa cikin kogin. Kowace safiya Tafireta yakan dafa teburin ya sunkuya, ya bi sama, ya bi ruwa, ya gangaro gindin bishiya. Ya yi haka kwana takwas. A na tara ya sunkuya ya daɗe yana neman gindin bishiyar bai samu ba, sannan ya miƙe ya ce wa uwargidansa ta iya karɓar teburinta.